Yadda Ake Koyon Tashi da Saukar Mi-24P a DCS World Kafin a Taɓa Makami

Yawancin waɗanda suka sayi Mi-24P a DCS World, manhajar kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi a kwamfuta, ba makamin abokan gaba ne ke kayar da su ba a makon farko. Wajen sauka suke faɗuwa. Wannan jirgi mai saukar ungulu, wanda kamfanin Eagle Dynamics ya fitar a manhajar a 2021, ɗan gida ɗaya ne da Mi-35 da sojin saman Najeriya ke amfani da shi. Yana da nauyi, kuma ba ya son a tsayar da shi cak a sama. Don haka a bar rokoki tukuna, a fara da hannu da ƙafa.

Abubuwa uku ake tuƙi da su: sandar tuƙi mai karkata jirgin gaba, baya da gefe, kolektif, wato hannun da ke ƙara wa fukafukan farfela cizon iska, sai feda mai juya hanci. In ba ka da feda, sanda mai murɗawa za ta yi, amma da wahala. Shiga saitin na'urori ka duba kowane layi, domin DCS kan ɗora aiki ɗaya a kan na'urori biyu da kanta, sai ka ga jirgi yana fizga ba dalili. Goge duk wanda ya maimaitu. Ka kuma juya alƙiblar kolektif yadda jawo shi baya zai zama ƙarin ƙarfi. Idan sandarka gajeriya ce, sa lanƙwasa, wato saitin da ke rage kaifin sanda a tsakiya, ta 10 zuwa 15 a gaba da baya da kuma gefe. Fiye da haka tsakiya ta mutu, ƙarshe ya yi zafi. A cikin jirgi danna Ctrl na dama tare da Enter, ƙaramin akwati zai fito ya nuna maka ainihin inda sanda da feda suke.

Wannan akwatin ne zai fahimtar da kai tirim, wato tsayar da sanda a inda kake so, inda aka fi ruɗewa. A jirgin gaske, matuƙi na danna maɓalli, sandar ta tsaya a inda ya bar ta. Taka ta gida kuwa tana da sifirin mai mayar da ita tsakiya. Saboda haka idan ka danna tirim, manhajar na ɗaukar wurin da kake a matsayin sabuwar tsakiya, kuma dole ka saki sandar nan take. In ka ci gaba da riƙe ta a karkace, umarnin ya ninka, hanci ya nutse. A saitin musamman na jirgin akwai zaɓin da ke sa manhajar ta ƙi sauraron sanda har sai ta koma tsakiya. Yana kare sabon shiga daga ninkin, sai dai in ka yi jinkirin saki, za ka ɗan rasa iko. Gwada biyun ka tsaya a kan ɗaya. Tirim ɗin feda ka kashe shi in kana da feda ta gaske.

Haɗa atisayenka da kanka: taswirar Kokesas, filin Kobuleti da ke kusa da teku, injin a kunne, mai rabin tanki, babu makami, babu iska. Zafi da tsayin wuri suna rage ƙarfin injin da cizon farfela, ba a fara koyo a kan duwatsu.

Ɗaga kolektif a hankali har jirgin ya yi sauƙi a kan tayoyi, ka tsaya nan. Farfelar Mi-24 tana juyawa yadda hannun agogo ke yi idan an duba daga sama, don haka hanci zai nemi hagu, kai kuma ka taka fedar dama. Wanda ya saba da Apache, mai saukar ungulu na Amurka, ya kula, can akasin haka ne. Ja sanda kaɗan baya da dama, yi tirim, sannan ka ƙara kolektif ka tashi mita 3. Kalli wani abu can nesa, kada ka kalli ƙasan hancinka. Gyara da yatsu, ƙanana ƙanana, domin jirgin yana jinkirin amsawa. Wanda ya ƙara turi don bai ga amsa ba shi ne ke lilo har ya kife. Ido kuma a kan juyin farfela, ya zauna wajen kashi 95. Fizgar kolektif na saukar da shi, in ya faɗi sosai janareto ya ɗauke.

Sai sauka. Idan gudunka ya yi ƙasa da kilomita 50 a awa kuma kana gangarowa da sauri, farfela na faɗawa cikin iskar da ita kanta ta tura ƙasa. Jirgin ya kama karkarwa, ya soma zubewa, ƙarin kolektif kuma sai ya ƙara munana lamarin, kamar mota a cikin yashi da ake ta ba ta wuta. Maganin shi ne tura sanda gaba, sassauta kolektif kaɗan, ka fita zuwa iska mai tsabta, amma wannan na cin tsayi mai yawa. Kusa da ƙasa babu lokacinsa. Gara riga-kafi: taho daga nesa a kwance, rage gudu da wuri, kada gangarowa ta wuce mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa da zarar gudunka ya ragu, kuma ka soma ƙara kolektif tun kafin karkarwar da jirgin ke yi idan gudu ya ragu ta zo, tare da fedar dama. In jirgin na ɗauke da kaya, sauke tayoyi ka sauka da gudu a kan titin jirgi. Haka ma tashi: gangarawa a titi ya fi sauƙi ga Mi-24 mai nauyi, ƙananan fukafukansa na gefe suna taimakawa idan gudu ya samu.

Bayan sauka goma a jere ba tare da lalata komai ba, ɗora rokokin S-8, ashirin a kowace ma'ajiyar harbawa. Bindigar mai baki biyu, mai milimita 30, a kafe take a gefen dama, jirgin gaba ɗaya kake saitawa. Shi ya sa ba a harbi a tsaye: taho da gudu, sunkuya kaɗan, harba, ka kauce kafin ka bi ta kan abin da ka harba. Makami mai linzami na Shturm, mai kaiwa kimanin kilomita 5, ka bar wa Petrovich, mataimakin da kwamfuta ke sarrafawa a kujerar gaba. Naka shi ne riƙe hanci a kan abin harin, ba tare da karkata ba, har makamin ya isa.