Kafin ku shafa fenti, ku gwada bangon da leda

Jama'a, duk mai shirin yi wa ɗakinsa fenti da kansa, ya fara yin wannan gwajin.

Ka yanko farar leda mai faɗin kamu biyu. Ka manna ta a jikin bango, ƙasa-ƙasa, ka rufe gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ka bar ta kwana ɗaya cur.

Washegari ka ɓare. In ledar ta yi gumi ta ciki, ko wurin ya yi duhu, akwai sauran ruwa a filastar. Ka ajiye bokitin fentinka tukuna.

Dalili kuwa, sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu kafin ta karɓi fenti. Lokacin hunturu ta fi yaudara: sama ya bushe fes, ciki kuwa da laima. In ka shafa a haka, ruwan zai nemi hanyar fita, fenti ya kumbura ya dinga ɗayewa, wani farin gishiri ya feso. Kuɗin fenti a yau kuwa, ai ba na yin aiki sau biyu ba ne, ko da biki ya matso.

Amma fa a kula. In gumin a saman ledar yake, ta ɓangaren da ke kallon cikin ɗaki, laimar iska ce, bangon ba shi da laifi.

In kuma tsohon bango ne kuma kullum gindinsa a jiƙe, jira ba zai yi magani ba. Ko bututun ruwa ke yoyo a ciki, ko danshi ke tasowa daga tushen ginin. Nan kam sai ka kira magini ko mai gyaran famfo ya duba.