Sayen sabuwar SUV da yadda za ka yi hulɗa da gareji

Kafin ka je wurin dila, ka fara sanin irin hanyar da motar za ta riƙa bi, domin SUV, wato doguwar mota irin jif, iri biyu ce. Akwai wadda aka ɗora jikinta a kan shasi daban, kamar Land Cruiser da Prado. Tana jure ramuka da jan kaya, amma tana shan mai. Akwai kuma wadda jiki da shasi suke haɗe, kamar RAV4 da CR-V, mai laushin tuƙi da tsimin mai. Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, ta biyun ta ishe shi.

Sai ka tambayi yadda take jan tayoyinta, don nan ma mutane kan yi asara. Mai tsarin AWD, wato mai ja da duka tayoyi huɗu, da kanta take raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wadda direba ke saka wa 4H ko 4L (giyoyin ja da taya huɗu) da hannu kuwa, idan ba ta da abin da ke daidaita juyin gaba da na baya a tsakiya, don laka da rairayi aka yi ta. Idan ka bar ta a 4H a kan busasshiyar kwalta, duk kwanar da ka sha sai giyoyin sun ɗaure, har wata rana su ci juna. Ita ma AWD tana da nata sharaɗin: tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Sabuwar taya guda a cikin tsofaffi uku tana wahalar da na'urar raba ƙarfin.

Ranar karɓa, ka gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke takarda. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Mota na iya zama sabuwa alhali ta daɗe a ajiye, batirinta ya yi sanyi. A rubuta maka abin da garanti ya ƙunsa da abin da ke ɓata shi.

A gareji, ka faɗi abin da ka ji da lokacin da yake faruwa, kada ka faɗi abin da za a canja. Idan fitilar injin ta kama, a jona kwamfuta, kai kuma ka rubuta lambar da ta fito. Lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai. P0300, misali, tana cewa injin na tsallake wuta, kuma hakan na iya zuwa daga fulogi, ko koyil, ko mai, ko iskar da ke satar shiga ta wani tiyo. Bakaniken da ya canja fulogi bai gwada sauran ba, caca yake da kuɗinka. Idan fitilar tana ƙiftawa, tsaya. Ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a ba ka lissafi a rubuce, kuɗin kaya daban, na aiki daban, kuma a dawo maka da tsofaffin kayan da aka cire.

Abubuwa uku kada ka yarda. Kada a zuba baƙin mai mai kauri a injin da littafinsa ya ce 0W-20, don ba ya isa ƙananan hanyoyin mai da wuri idan an tayar da injin da sanyi. Kada a zuba man giya na atomatik a giyar CVT, wato atomatik ɗin da ba ta da matakan giya, nata daban ne. Kada kuma a cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin injin, da sunan maganin zafi. Injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ainihin matsalar kuma, ko lagireto ce ko fanka, tana nan. Bayan waɗannan, man birki yana tsotsar danshi, don haka a canja shi kusan duk shekara biyu, kuma iskar taya a bi takardar da ke jikin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin tayar ba.