Yadda ku da abokanku za ku haɗa faifan barkwanci na murya zalla

Kowa yanzu bidiyo yake yi, a saka hula a karkace a faɗi ƙasa a tashi, minti ɗaya an gama. Ni abin da nike so samarinmu na Sakkwato su gwada shi ne faifai na murya zalla, wato gajerun wasanni shida ko bakwai a jere a sauti guda na kamar minti 25, wanda mai kabu-kabu zai saƙala iyafis ya ji, tela ya ji yana taka keke. Kuma ba barkwancin ihu da dambe ba, irin wanda ake ɗauko abin da hankali ba zai ɗauka ba a yi shi da gaske har mai saurare ya gane ashe da halinmu ake.

Wasu sun daɗe da yin sa. A Ingila akwai gungun Monty Python da suka fara a talabijin na BBC a 1969, a 1973 suka fitar da faifan garmaho mai layi biyu a fuska ɗaya, inda allura ta faɗa shi za ka ji, yau wasa kaza gobe wani daban. A Amurka kuma Firesign Theatre, mutum huɗu ne da suka faro daga rediyo a Los Angeles a 1966, faifansu na 1970 sun gina shi ne kamar mutum na zaune da dare yana ta canza tashar talabijin. Mu ma ba baƙi ba ne a harkar, 'yan kama da ke wa'azin tuwo da fura da muryar malamai, da wasannin tashe, da Samanja da marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana yi, duk gida ɗaya ne.

To ku fara da mutane. Huɗu ko biyar sun isa, in kun kai goma wallahi gardama za ku yi ta yi ba aiki ba. A nemi wanda ya iya sauya murya, da wanda ya iya rubutu, da wanda ya iya waya da kwamfuta, sannan a samu mutum guda mai busasshiyar fuska wanda ba ya dariya ko mi aka ce, shi ne zai riƙa fitowa a ma'aikaci ko mai karanta labarai. Kar ku raina wannan na ƙarshen, rabin dariyar a wuyansa take.

Sai rubutu, kuma nan ne aikin yake. Ƙa'idar ita ce ƙarya ɗaya tak a kowane wasa, sauran komai ya tafi daidai yadda muka san shi. Misali kowa ya san zafin garin nan a watan Afrilu, to ku ce an buɗe ofishin rabon inuwa, kowane magidanci sai ya bi layi ya karɓi tasa ta wata. Wannan ce ƙaryar. Amma layin, da fom, da "oga bai shigo ba", da ɗan abin shan ruwan masinja, duk ku bar su yadda suke a zahiri.

"Salamu alaikum ranka shi daɗe, na taho karɓar inuwata ta wanga wata."

"Ina takardar shedar kana jin zahi?"

"Yallaɓai ga zuhwa nan kana gani."

"Zuhwa ba ta da hatimi malam. Tahi ka samo sa hannun rana."

"Rana kuma?"

"Tana nan bisa har magariba, ba ta zuwa hutu."

Kun ga ba wanda ya yi mamaki a cikinsu, mai neman inuwar ma damuwarsa kar a tashi aiki bai samu ba. Da zarar wani ya ce kai wannan ai hauka ne, wasan ya mutu. Daga nan sai ku riƙa hawa mataki mataki, ya dawo da sa hannun, a ce inuwar dogonyaro an ba da ita kwangila, a ƙarshe a ba shi wadda kunnensa ɗaya kawai take rufewa kuma a ce ya tsaya a ɗau hoto ya yi godiya. Minti uku zuwa huɗu ya isa, in ya wuce haka ku yanke ko da kuna son wurin. Kuma ku yi magana da harshen da kuke yi a majalisa, Sakkwatancinku, ba sai kun ari bakin 'yan fim ba.

Tunda ba hoto, kunne ne zai gaya wa mutum inda yake da wanda ke magana. Cikin daƙiƙa biyar na farko a ji wurin, ko ƙarar fanka mai ciwo da buga hatimi, ko hayaniyar kasuwar Kara da kukan raguna. A kira suna ko muƙami da wuri, kuma kar a haɗa masu murya iri ɗaya a wasa guda.

Abin da ke maida tarin wasanni ya zama faifai shi ne zaren da ya ɗinke su. Mafi sauƙi gare mu rediyo, a ji mutum yana murɗa tasha, shuuu, ya faɗa kan wasa, ya murɗa ya faɗa kan wani. A tsakani ku sa sanarwar cigiya da muryar nan mai nauyi: ana cigiyar wata hanya da ta ɓace tsakanin takarda da ƙasa, ganin ƙarshe da aka yi mata tana sanye da kwalta, duk wanda ya gan ta ya taimaka don Allah. Sai cigiyar ta sake dawowa sau biyu tana ƙara muni, mai neman inuwa ma a ji shi can baya a wani wasan yana tambayar hanyar gidan rana. Irin wannan ne ke sa mutum ya sake ji karo na biyu.

Wajen ɗauka, waya mai kyau ɗaya ta wadatar. A sa ta a yanayin jirgi don kar kira ya katse ku, a shiga ɗaki mai katifa da labule da tarin kaya, ɗakin da ba komai sai siminti amsa kuwwa yake yi. Fanka a kashe, eh na san da zafi, shi ya sa bayan asuba ko can dare bayan janaretocin unguwa sun yi shiru ya fi, ku yi minti goma ku buɗe ƙofa ku sha iska. Tsakanin baki da waya kamar taƙi ɗaya, a sa mata safa mai tsabta don iskar baki kar ta riƙa bugunta. Wanda ake so a ji yana nesa ya ja baya da ƙafarsa ya yi magana. Kafin ku fara ku ɗau shirun ɗakin na rabin minti, da shi ake cire ƙugin baya a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce a kwamfuta, a waya kuma akwai manhajar BandLab. Ƙarar abubuwa ku yi da kanku, ƙoƙo biyu a kife a ƙasa kofaton doki ne, leda ana murzawa a hankali wuta ce, shinkafa ana zubawa a faranti ruwan sama ne kan kwano. Kiɗa kuma kar ku ɗauki na wani, ku roƙi mai kalangu ko mai gurmi ya buga muku ku sallame shi.

Maganar da nike so ku riƙe da kyau ita ce iyaka. Ku taɓa hali, kar ku kama sunan mutum ko ku kwaikwayi muryar da kowa zai ce wane ne. A 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi ma wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu da tara da sharar kotu saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Addini ba wurin wasa ba ne, haka nakasar mutum, haka waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Wasan Bagobiri da Bayarabe ko Bafillace da Babarbare yana da daɗi a cikin faifai in duka ɓangarorin sun samu sun rama.

Kafin ku saki, ku kunna ma mutum uku da ba abokanku ba, har da dattijo guda da mace guda, ku yi shiru kuna kallon fuskarsu, inda suka duba waya wurin ya yi tsawo. Ku fitar da shi a MP3, in kun zaɓi ingancin sauti na 128kbps minti ɗaya kusan megabait ɗaya ne, faifan minti 25 ba zai cinye ma kowa data ba. A WhatsApp ku tura shi a matsayin fayil da sunan gungunku a jiki, ku ɗora a Audiomack, dandalin sauraren waƙoƙi a intanet, ku kai ma masu turi a memori, ku yanko cigiyar nan ta rabin minti ku sa a status. Sunan gungun kuma ku faɗe shi da baki a farkon faifan da tsakiyarsa, don in ya fara yawo daga waya zuwa waya ana iya canza sunan fayil.