Idan kuɗin SNAP basu shiga katinka na EBT ba, ga ta inda zaka fara

Jama'a wannan maganar ta katin abincin gwamnatin Amurka ce, EBT, wanda ake zuba tallafin SNAP a cikinsa duk wata, tsofaffin hannu har yau fud-stam suke ce masa duk da an canza sunan tun 2008. To idan ranarka ta zo ka duba kaga wayam, kafin ka ɗauki waya ka hau ma'aikaci da faɗa ka fara gano abu ɗaya tukuna, shin kuɗin ne basu shigo ba sam, ko kuwa sun shigo wani ya rigaka kwashewa? Matsala biyu ce daban, masu gyara su ma daban ne, kuma mutane da yawa a nan suke ɓata kwana da kwanaki suna kiran inda ba za'a iya yi musu komai ba.

Hanyar ganewa ba wuya. Juya katin, akwai lambar waya kyauta a bayansa, ka kira ka saka lambar katin, ko ka shiga manhajar da jiharka ke amfani da ita, yawanci ebtEDGE ce ko ConnectEBT. Amma karka tsaya a balans kawai, ka buɗe tarihin shiga da fitar kuɗi ka bi layi-layi. In kaga babu wani layi da ya nuna an zuba kuɗin wannan watan, to matsalar tana fayil ɗinka ne a ofishin walwalar jama'a na jiha ko na gunduma. Masu amsa wayar bayan kati kamfani ne da aka bawa kwangila, aikinsu kati da PIN da balans, basu san dalilin da yasa aka rufe fayil ɗin kowa ba, ko zaka kwana kana roƙonsu.

Sai ka tabbatar ranarka ce ta zo da gaske. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin ma'aikatar noma USDA, amma kowace jiha ita ke tsara ranar rabonta. Alaska da Vermont ranar 1 ga wata suke zuba wa kowa. Kalifoniya daga 1 zuwa 10 ne gwargwadon lambar ƙarshe ta fayil ɗinka, Fulorida kuwa abin har 28 ga wata yake kaiwa, a birnin Niyok kuma ranar tana ɗan motsawa daga wata zuwa wata saboda jadawalin baya lissafa lahadi da ranakun hutu. Don haka wai maƙwabcinka ya samu jiya kai baka samu ba, wannan ba hujja bace. Kuma in ka koma wata jiha ka buɗe sabon fayil, tsohuwar ranarka ta tafi kenan.

In sabon nema ne kai, doka ta basu kwana 30 daga ranar da ka miƙa fom. Akwai na gaggawa na kwana 7, ga wanda abinda ke shigo masa a wata bai kai dala 150 ba kuma abinda ke hannunsa da banki bai wuce dala 100 ba, ko wanda haya da kuɗin wuta da gas sun fi ƙarfin duk abinda yake dashi. In kana cikin wannan halin ka faɗa musu da bakinka ƙarara, karka ce ai zasu gani a fom. Sannan kuɗin watan farko daga ranar da ka nema ake lissafawa, shi yasa wanda ya miƙa fom ranar 20 zaiga ɗan abu kaɗan ya ɗauka an cuceshi, a'a, wata mai zuwa zai cika.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya saba karɓa wata da watanni sai kwatsam abu ya tsaya, mafi yawan lokaci sabunta rajista ce ta wuce shi. Tallafin nan ba na dindindin bane, wa'adi ake baka, wata 6 ko wata 12, tsofaffi da masu naƙasa nasu yakan fi tsawo, a tsakiyar wa'adin kuma akwai wani ɗan rahoto da ake so ka cike, a Kalifoniya SAR 7 suke ce masa. Duk ta wasiƙa suke sanarwa. Wasiƙar nan kuma bata da wani kwarjini, farin ambulan ne mai ɗan taga, tana zuwa cakuɗe da takardun tallan shaguna da na masu neman ka karɓi katin bashi, sai a tara su kan firij ko a zuba a kwandon shara gaba ɗaya. Wallahi ka je ka tono ta. In ka canza gida baka sanar ba to tana can tsohon adireshi, sai ka shiga akawun ɗinka na intanet, ACCESS HRA ga ƴan birnin Niyok, BenefitsCal ga ƴan Kalifoniya, kowace jiha dai da nata, a nan zakaga kwafin duk wasiƙun da aka aiko maka da kwanan watansu.

Abu uku ne ke kashe sabuntawa, ko fom bai isa ba, ko an kiraka intabiyu baka ɗauka ba, ko sun nemi wata takarda baka kai ba. Intabiyun nan ta waya akan yi, kuma lambar da zata shigo baƙuwa ce, irin wadda mutum ke kallo yace ƴan damfara ne ya kashe. In ta wuceka kai ne zaka nemi a sake saka maka rana, ba zasu bi ka ba. Takardu kuma in sun nema, kamar shaidar albashi ko ta haya, aƙalla kwana 10 ake baka. Wanda yake so kar a samu yankewa ko na rana ɗaya, ya miƙa fom ɗin sabuntawa kafin 15 ga watan ƙarshe na wa'adinsa. In kuma ya riga ya wuce, kar ka zauna jiran wata mai zuwa, cikin kwana 30 bayan ƙarewar wa'adi ana iya ƙarasa abinda ya rage ba sai an koma farko ba, sai dai kwanakin da ka makara sun bi ruwa in laifin daga wajenka ne.

Duk takardar da ka tura ka ajiye shaida. Ka ɗauki hoton allon da ya nuna ta shiga, in da hannu ka kai ka nemi risit mai kwanan wata, in ta waya kayi magana ka rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya amsa. Ni a ganina wannan ya fi duk wata dabara amfani, saboda in ta tabbata kuskuren daga ofis ne to dole su maido maka abinda ka rasa, har na wata 12 baya, amma fa sai ka iya nuna ka kai abinda aka nema a kan lokaci, ba'a cin irin wannan shari'ar da rantsuwa.

Wani lokacin kuma kuɗin sun shigo amma sun ragu. Ko albashinka ne ya ƙaru, ko wani ya fita daga lissafin gidan, ko kuma sun ce an taɓa biyanka fiye da ƙima suna cirewa a hankali, in kuskure ne kashi 10 cikin 100 na tallafin wata suke yanka ko dala 10, duk wanda ya fi yawa. Akwai kuma dokar aiki, babba mai lafiya wanda bashi da ƙananan yara wata 3 kacal yake samu cikin shekara 3 in baya aiki ko horo na awa 80 a wata, kuma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ɗaga shekarun waɗanda dokar aikin ta shafa zuwa 64, ta haɗa da iyayen da autansu ya kai 14, ta kuma taƙaita irin baƙin da suka cancanta. Mutane da dama da abin bai taɓa shafa ba yanzu ya shafe su. In kana da rashin lafiya ko juna biyu ko kana jinyar wani, ka kai shaida a cireka daga wannan layin.

Kafin a rage maka ko a yanke a tsakiyar wa'adi dole a aiko maka sanarwa aƙalla kwana 10 kafin abin ya fara aiki. In baka yarda ba kana da haƙƙin neman a zauna a saurari kokenka, yadda ake nema yana rubuce a jikin wasiƙar, kuma kwana 90 kake dashi. Amma ga abinda da yawa basu sani ba, in ka nema cikin waɗancan kwanakin na sanarwa, za'a cigaba da baka yadda aka saba har a yanke hukunci. Sharaɗin dai in ka faɗi zasu nemi ka maido rarar, kuma wannan cigaban baya aiki in wa'adinka ne ya ƙare da kansa. In turancin yana maka nauyi ka nemi tafinta, kyauta ne, kar ka ɗauko yaro ɗan firamare ya fassara maka maganar da ta shafi cin gidanku.

To sai ɗaya ɓangaren, kuɗi sun shiga sun fita. Zakaga an zuba da tsakar dare, kafin gari ya waye an yi sayayya biyu ko uku a jere a wata jihar da baka taɓa takawa ba, an bar maka ƴan santi. Wannan aikin masu ɗora na'urar kwafe kati ne a kan injin biya na shago, yawancin katunan EBT har yanzu baƙin layin maganaɗisu suke dashi ba cif irin na banki ba, shi yasa kwafe su baya wahala. Nan take ka canza PIN, ka kira lambar bayan kati a kashe shi a aiko sabo, sannan ka kai rahoto ofis. Gaskiya mai ɗaci, tsarin tarayya na maido kuɗin da aka sace ya tsaya ne kan satar da ta faru daga 1 ga Oktoban 2022 zuwa 20 ga Disamban 2024, bayan nan sai jihar da ta ga dama ta biya daga aljihunta, su kuma basu da yawa. Saboda haka tsaron yana hannunka, ka riƙa kulle katin a manhaja sai kana gaban kashiya ka buɗe, ka toshe sayayyar wajen jiha da ta intanet in baka yi, ka canza PIN dab da ranar zubi. Duk wanda ya turo meseji wai an kulle katinka ka aiko lamba da PIN, ɓarawo ne, gwamnati bata tambayar PIN.

In kuma injin shago ne ya cira sau biyu, ko ya cira kuma yace bai yi ba, ka riƙe risit ɗin, ƙasansa yana nuna ragowar balans, ka kira lambar bayan kati ka shigar da ƙorafi cikin kwana 90, su kuma suna da kwanakin aiki 10 su bincika. Kati da aka bari ba'a taɓa ba har kwana 274, wajen wata 9 kenan, ana fara share kuɗin cikinsa, masu doguwar tafiya su lura da wannan.

Akwai lokacin da ba kai bane ba kuma jiharka bace, kamar Nuwamban 2025 da rufewar gwamnatin tarayya ta kwana 43 ta jinkirta tallafin miliyoyin mutane. Irin wannan shafin hukumar jiharka zaka riƙa dubawa, kira baya sa a saki kuɗi da wuri, amma ko a lokacin kar ka fasa miƙa fom ɗinka da takardu don wa'adinsu baya tsayawa. Kafin abin ya warware ka kira 211 su faɗa maka rumbun raba abinci kyauta mafi kusa da kai da ranakun da suke buɗewa.