Yadda Ake Adana Tsoffin Kayan Ado Irin na Finafinan Hollywood

Sarƙoƙi da 'yan kunnen da ke walƙiya a jikin taurarin Hollywood na shekarun 1930 zuwa 1950, akasarinsu ba gwal ba ne. Tagulla ce da gilas, aka yi musu ruwan zinari. Wanda ya fi shahara da ƙera su shi ne Eugene Joseff, mutumin Chicago da ya koma Los Angeles. Haya yake ba kamfanonin fim, in an gama aiki a dawo masa da kayansa, shi ya sa tarinsu ya tsira a wuri ɗaya. Bayan ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1948, matarsa Joan ta ci gaba da riƙe kamfanin, kuma a 2017 an yi gwanjon ɗaruruwa daga cikin kayan. In irin wannan kaya ya shigo hannunka, ko ma tsohuwar sarƙar feshan mai irin ƙirarsu, ga yadda za ka bi da shi.

Mataki na farko, kada ka goge komai tukuna. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka duba ko akwai sunan maƙeri. Amma ganin sunan Joseff ba ya nufin an saka abin a fim, domin tun ƙarshen shekarun 1930 yake sayar wa mata kayansa a kantuna. Abin da ke tabbatar da tarihin kaya shi ne rasiɗin gwanjo da hoton fim da ya dace da shi ƙwaya da ƙwaya. Adana waɗannan takardu kamar yadda za ka adana kayan.

Na biyu, ka raba shi da ruwa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Duwatsun gilas ɗin nan suna da wani siririn rufi mai sheƙi a bayansu, kamar na madubi, shi ke maido da haske. Da zarar ruwa ya shiga tsakaninsa da gilas, dutsen zai dushe ko ya yi baƙi, kuma ba ya dawowa. Don haka babu jiƙawa, babu omo, babu man goge baki. Busasshen burushi mai laushi, irin na kwalliya, ya isa ya cire ƙura. In datti ya maƙale, ɗan dausaya auduga a kan tsinke, ka shafi saman dutsen kaɗai, sannan ka kifa kayan ya sha iska sosai.

Launin ƙarfen ma a bar shi yadda yake. Da gangan Joseff ya yi ruwan zinarinsa mai duhu-duhu, marar ƙyalli, don kada fitilun ɗaukar fim su haska shi ya kashe wa kyamara ido. Wanda ya dirje shi don ya yi sheƙi ya kankare ainihin abin da ya ba shi daraja, kuma wannan na ba ni takaici ƙwarai. Ruwan siriri ne, ƙarƙashinsa tagulla ce kawai.

Na uku, nemi kore-koren tsatsa a wajen maƙalli da ƙarƙashin duwatsu. Danshi da gumi ke kawo ta, tana kuma cin ƙarfe a hankali. Ware wanda ya kamu daga sauran, ka kankare ta da tsinken sakace a natse. In ta yi zurfi, aikin gwani ne.

Na huɗu shi ne ma'ajiya. Kowane yanki a naɗe shi daban cikin takarda marar asid ko tsabtataccen ƙyallen auduga, don kada su ƙarje juna. A sa 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi a akwatin, a riƙa canja su, musamman da damina. A nisanta robar ɗauri da ulu, domin suna baƙanta azurfa, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin kayan ado irin su Trifari da Coro sun koma amfani da azurfa saboda an karkatar da sauran ƙarafa ga yaƙi. Banɗaki da taga mai rana ba wurin ajiya ba ne.

Lu'ulu'un kwaikwayo ya fi kowa rauni. Ƙwayar gilas ce aka yi wa fenti, wani lokaci da sinadarin ɓawon kifi, turare da gumi kuwa na sa shi ɓarewa. In za a saka, sai an gama shafa mai da fesa turare.

Idan dutse ya faɗo, sa shi a ambulan, ka rubuta daga inda ya fito. Kada ka taɓa shi da sufa gulu, tana barin farin hazo a jikin gilas. Kai wa mai gyaran da ya san tsoffin kaya, ka kuma rubuta ranar gyaran da abin da aka canja a cikin takardun nan na mataki na farko.