Yadda ɗan wasan badminton ke tara maki har ya kai gasar Olamfik

Ɗan wasa ba ya shigar da kansa gasar ƙasa da ƙasa. Hukumar badminton ta ƙasarsa ce ke samo masa lambar rajista a wurin hukumar duniya, BWF, ita ce kuma ke tura sunansa duk gasar da zai buga. Saboda haka matakin farko shi ne ka yi fice a gasannin cikin gida har hukumar ta san da zamanka.

Daga nan sai lissafi. BWF na fitar da jerin matsayi kowace Talata, kuma sakamako 10 mafi kyau da ka samu cikin makonni 52 kaɗai ake tarawa. Makin da ya cika shekara zubewa yake yi. Wanda ya lashe kofi a watan Agusta ya koma ya miƙe ƙafa, to Agustan baɗi zai ga sunansa ya gangaro ƙasa.

Gasannin hawa-hawa ne. Zakaran Future Series yana samun maki 1,700, na International Series 2,500, na International Challenge 4,000, na Super 300 kuwa 7,000. A nan ne masu tasowa suka fi yin kuskure: ɗokin zuwa babbar gasa. Wanda aka fitar a zagayen 'yan 32 na Super 300 maki 1,670 zai kwasa, in ma matsayinsa ya isa a saka shi. Wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe a International Challenge kuwa 2,800 ne nasa, ga wasanni da dama da ya buga ya ƙara gogewa. Zaɓi inda za ka ci wasa. Ga ɗan Afirka, gasannin Legas, Kampala da Alkahira sun fi sauƙin kuɗin jirgi da biza a kan na Turai ko Asiya.

Ka isa garin da kwana biyu ko uku kafin farawa. Ƙwallon gasa na gashin tsuntsu ne guda 16, nauyinsa giram 5 ko kusa da haka, kuma zafi da tudu suna ƙara masa gudu. Bugun da ke sauka daidai kan layin baya a Legas yana iya fita waje a Kampala, da ke kan tudu. Wanda ya saba atisaye da ƙwallon roba shi ya fi shan wahala. Sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, ma a kula: tun 2018 dole ƙwallon ya kasance ƙasa da mita 1.15 daga daɓe lokacin da raket ya taɓa shi.

A wasan 'yan bibbiyu makin na ku biyun ne tare, in ka sauya abokin wasa sabon tari za ka fara.

Gurbin Olamfik daga jerin matsayin BWF yake fitowa. Na Paris, an ƙirga makin daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024, kuma an ware wa kowace nahiya gurabenta, don haka abokan hamayyarka na haƙiƙa su ne 'yan Masar, Aljeriya, Morishas da Afirka ta Kudu. Anuoluwapo Opeyori na Najeriya ya je gasar Olamfik ta Tokyo tare da Godwin Olofua a wasan 'yan bibbiyu, sannan ya je Paris a 2024 shi kaɗai, yana riƙe da kambin zakaran Afirka.