Yadda Ake Zuwa Bikin Fina-finai Na Ƙasa Da Ƙasa Daga Gombe, Da Yadda Ake Zaɓen Abin Kallo

Ba sai kana darakta ko jarumi kake shiga bikin baje kolin fina-finai ba. Yawancinsu suna sayar da tikiti ga kowa, wasu ma rajista kawai za ka yi ta intanet. Inda baƙo yake rikicewa shi ne jadawali: a jera fina-finai fiye da ɗari cikin mako guda, ana haska su a ɗakuna uku ko huɗu lokaci ɗaya, kai kuwa da ƙyar ka kalli uku a yini kanka bai ɗau zafi ba. Ga yadda ake bi.

Da farko ka zaɓi bikin da aljihunka da fasfonka za su iya. Mafi sauƙi ga mutumin Gombe shi ne bikin Zuma da ake yi a Abuja wajajen farkon Disamba. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ce ke shirya shi, wadda hedikwatarta ke Jos, kuma Ali Nuhu ke shugabancinta tun 2024. Ka yi sammako ka hau Gombe Line, ka ratsa Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi, ka kwana a Abuja. A Kano akwai KILAF, wanda ya keɓanta da fina-finan harsunan Afirka. A Legas kuma akwai AFRIFF a watan Nuwamba, wanda Chioma Ude ta kafa, aka fara shi a Fatakwal a 2010. Wannan ya fi armashi, amma masaukin Legas zai ci maka fiye da kuɗin tikitin kallo nesa ba kusa ba.

In kana son tsallaka iyaka, babban bikin nahiyar nan shi ne FESPACO na Wagadugu a Burkina Faso. Tun 1969 ake yin sa, yanzu kuma shekara biyu-biyu, a shekarun mara (kamar 2023 da 2025), galibi ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Za ka buƙaci fasfo, katin rigakafin shawara, da sefa a hannu. Burkina ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu a Abuja kan ƙa'idar shiga kafin ka biya kuɗin jirgi. Jirgi na ce, domin hanyar mota ta wannan yanki ba abin wasa ba ce yanzu. Ka kuma auna ranakun bikin da kalandar Musulunci, kada ka je ka tarar azumi ya kama ka a can. Na Turai da Kanada kuwa, Cannes na Faransa a watan Mayu kusan na 'yan sana'a ne masu katin izini, amma na Balin a Fabrairu da na Toronto a Satumba suna sayar wa jama'a tikiti, in ka samu biza.

Mataki na biyu, katin shiga. Akwai tikitin fim ɗaya, akwai katin da ke ba ka damar shiga duk mako. In kwananka bai wuce biyu ba, sayi ɗai-ɗai. Ɗalibi ko ɗan jarida ko mai harkar fim ya nemi rajistar rukuninsa da wuri, domin ana rufe ta makonni kafin buɗe biki. Masauki kuma ka kama kusa da inda ake haskawa ko da ya ɗan fi tsada. Wanda ya je bikin Abuja ya sauka a Nyanya ko Mararaba don rangwame, cunkoson safiya zai cinye masa fim ɗin farko kullum.

Yanzu sai babban aiki. Jadawali yakan fito mako ɗaya ko biyu kafin biki. Ka sauke shi, ka buga a takarda in da hali, ka zauna da biro.

Fara da sokewa. Duk fim ɗin da ka san nan da wata uku zai hau Netflix ko YouTube, ko ya iso shagon masu tura fim a waya a Tudun Wada, ja masa layi. Wannan ya haɗa da yawancin fina-finan manyan taurari, har da na daren buɗewa, wanda layinsa ya fi na kowa tsawo, ga jawaban manyan baƙi da za su ci awa guda kafin a kashe fitila. In burinka hoto a kan jan kafet, to je ka, ba laifi ba ne. Amma ka yi tafiyar yini guda a mota ne don abin da ba zai taɓa biyo ka gida ba.

Me ke nan? Fina-finan maƙwabta. Mutumin Gombe ya san titunan Mumbai a allo kamar a can aka yanke masa cibiya, amma da wuya ya taɓa ganin fim ɗin Chadi ko Nijar ko Mali, alhali rigunansu da kasuwanninsu da rigingimun gidajensu irin namu ne. Kuma ba ƙananan masu sana'a ba ne. Wanda ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, wato Dokin Yennenga, a 1972, ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. Souleymane Cissé na Mali ya ɗauke ta sau biyu, a 1979 da 1983. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya karɓi kyautar alƙalai a Cannes a 2010. Ɗan Nijeriya Newton Aduaka ya ciyo dokin a 2007, amma tambayi goma cikin masu kallon fim a garin nan ka ji ko mutum ɗaya ya san sunansa. In ka ga an saka tsohon fim ɗin irin waɗannan da aka gyara hotonsa, kada ka bari ya wuce ka.

Daga nan ka duba rukuni. Fina-finan da ke cikin gasa su ne masu shirya bikin suka fi alfahari da su, don haka ka ɗauki biyu ko uku daga can. Ka sa zama ɗaya na gajerun fina-finai: biyar ko shida ake haɗawa cikin awa ɗaya da rabi, in ɗaya ya gundure ka minti goma sha biyar ne ya wuce, kuma nan ake fara ganin daraktocin gobe. Ga matashin da ke ɗaukar bidiyo da waya a Gombe ko Kumo, wannan zaman ya fi masa kowane amfani, don zai ga abin da ƙaramin kuɗi ke iya yi. Ka ƙara da dokumentari guda.

A ƙarƙashin sunan kowane fim akwai 'yan bayanai da mutane ke tsallakewa, su ne kuwa masu ceto. Duba tsawonsa, domin fim mai awa uku yana cin gurbin biyu. Duba harshen fassarar da ke ƙasan allo. Mun saba da fassarar Indiya inda murya ɗaya ke yi mana komai, a can kuwa karatu za ka yi, kuma a Wagadugu da yawa Faransanci ne a rubuce. Duba shekarun da aka yarda su kalla. Fina-finan biki ba su bi ta hannun hukumar tace fina-finai irin ta Kano ba, wasunsu akwai tsiraici ko zubar da jini ƙarara. In da iyali ka je, ko kai kanka ba ka so, tambayi ma'aikatan ƙofa kai tsaye, ba za su ɓoye maka ba. Ka kuma lura ko fim ɗin ya riga ya zaga wasu bukukuwa: wanda ya fito daga Balin ko Toronto ko Durban an riga an tantance ingancinsa sau ɗaya, wanda ake haskawa karon farko a duniya kuwa sa'a ce, ko dai zuma ko maɗaci.

Sai ka jera su bisa agogo. Mai nauyi, mai yawan karatu, ka sa shi da safe lokacin da ido ke garau, na raha ka bar wa dare. Ka sa lokutan salla a kan takardar tun kafin ka sa fina-finai, domin zaman ƙarfe shida na yamma kusan kullum yana haɗiye Magariba. Manyan bukukuwa sukan haska fim sau biyu, saboda haka in biyu sun yi karo, nemi rana ta biyu ta ɗayansu. Tsakanin fim da fim ka bar aƙalla minti arba'in, musamman in ɗakunan ba a gini ɗaya suke ba, kamar Ciné Burkina da Ciné Neerwaya a Wagadugu. Kowace rana kuma ka bar gurbi ɗaya babu komai. A kan layi za ka ji ana ta ambaton wani fim da ba ka ko kula da sunansa ba, kuma zuwa rana ta uku maganar 'yan layi ta fi littafin biki gaskiya.

Ranar kallo ka isa da rabin awa a hannu, don katin mako ba ya kama maka kujera, in ɗaki ya cika ya cika. Ka riƙe rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki, ka kashe ƙarar waya, kada kuma ka ɗauki allo da ita, ana fitar da mutum a kan haka. In fim ya ƙi ka bayan minti talatin, fita a hankali ta gefe ka je wani da ake haskawa a lokacin.

Idan an kunna fitila kada ka yi saurin tashi. Sau da yawa darakta yana cikin ɗakin, za a ba shi makirufo na minti goma ko ashirin. Ka tanadi tambaya ɗaya gajeriya, ba jawabi ba: kwana nawa aka yi ana ɗauka, ina aka samo kuɗi, 'yan wasan nan ƙwararru ne ko mutanen ƙauyen ne. Kafin ka shiga na gaba ka rubuta sunan fim da na darakta da ƙasarsa a bayan jadawalinka, da layi biyu kan abin da ka gani, domin zuwa rana ta huɗu duk sun cakuɗe maka a ka.